Toolkit ɗin EEF: na duba shi ciki da waje, yana da amfani sosai amma ku yi hattara da lissafin watannin nan

Jama'a duk wanda ya taɓa riƙe kasafin makaranta, ko hedimasta ne ko mai makaranta ko wanda ke zaune a ma'aikatar ilimi, ya san tambayar nan da ba ta ƙarewa: kuɗin ba yawa, to a ina za a zuba su yara su fi koyo? A ƙara malamai a rage cunkoson aji ne, ko a sayo kwamfutoci, ko a ɗauki masu lesin, ko a ƙara awannin karatu? Kowa da amsarsa, kuma kowa da ƙarfin murya yake faɗa. Masana tattalin arziki sun fi shekara hamsin suna tona wannan tambayar, tun rahoton Coleman na 1966 a Amurka, amma matsalar ita ce binciken nasu yana can binne cikin mujallun jami'a da ba malamin da ke da lokacin karantawa, wasu ma sai ka biya kafin a buɗe maka. Abinda nake so in yi magana a kai yau wani shafi ne da ya yi ƙoƙarin tattaro duk wannan ya ajiye shi a fuska ɗaya, kyauta, ba rajista ba komai. Sunansa Teaching and Learning Toolkit, na gidauniyar Education Endowment Foundation ta Ingila, wadda aka fi sani da EEF.

Ita EEF an kafa ta a 2011, ƙungiyoyin agaji biyu, Sutton Trust da Impetus, su suka kafa ta da fam miliyan 125 da ma'aikatar ilimin Ingila ta bayar. A shekarar ne gwamnatinsu ta fara ba makarantu ƙarin kuɗi kan kowane yaro da ya fito daga gidan marasa ƙarfi, sai tambaya ta taso, to yanzu ga kuɗi, me za a yi da su? Masu bincike na Jami'ar Durham ƙarƙashin Farfesa Steve Higgins su suka haɗa Toolkit ɗin don amsa wannan. Zuwa 2015 ofishin binciken kuɗin gwamnati na Birtaniya ya gano kusan kashi biyu cikin uku na shugabannin makarantu suna amfani da shi. Kun ga ba ƙaramin abu ba ne, abu ne da ake yanke shawarar kuɗi da shi da gaske.

In ka buɗe za ka ga jerin dabaru wajen talatin a jere, kowace da abu uku a gabanta. Na farko tsada, da alamar fam daga ɗaya zuwa biyar, fam ɗaya na nufin ƙasa da fam 80 kan kowane yaro a shekara, biyar kuma sama da fam 1,200. Na biyu ƙarfin hujja, sun yi shi da hoton kwaɗon ƙofa, daga babu zuwa biyar, yawan kwaɗo yawan binciken da za a iya dogara da shi. Na uku shi ne wanda kowa idonsa ke fara sauka a kai, wato watanni nawa na ƙarin ci gaba yaro zai samu a shekara in aka yi wannan dabarar. Za ka iya jera su yanda kake so, daga mai arha zuwa mai tsada ko daga mai yawan watanni zuwa ƙasa, kuma yana buɗewa lafiya lau a waya. Gaskiya ta ɓangaren tsari ban ga abin kushewa ba, cikin minti biyu mutum ya gane yanda ake karanta shi.

Abinda ya fi burge ni shi ne yanda suka ajiye tsada kafaɗa da kafaɗa da tasiri. Wannan tunanin masana tattalin arziki ne zalla, kuma shi ne ke ɓacewa a yawancin muhawarar ilimi. Mutane na tambaya "yana aiki?" alhali tambayar da ta dace ita ce, da kuɗin nan ɗin dai, akwai abinda ya fi shi aiki? Ku ɗauki rage yawan yara a aji. Ba iyayen da ba sa son wannan, ba malamin da ba ya so, ni ma ina so. A sigar da suka sabunta a 2021 sun ba shi wata 2 kacal, da alamar fam biyar cif. A gefe guda koya wa yaro ya riƙa tsara karatunsa da kansa, yana duba inda ya gane da inda bai gane ba, an ba shi wata 7 da fam ɗaya. Koyar da karatu ta sautin baƙaƙe wata 5, fam ɗaya, kwaɗo biyar. Yara su koyar da junansu cikin tsari wata 5. Lesin na mutum ɗaya da malami wata 5 amma da tsada, na ƙaramin rukuni wata 4 da sauƙin kuɗi. Da ka ga wannan a jere dole ka tsaya ka yi tunani.

Kuma zancen girman ajin nan bari in ɗan daɗe a kai don a nan ne za ku ga amfanin shafin da kuma iyakarsa lokaci ɗaya. Gwaji mafi shahara a kai shi ne STAR na jihar Tennessee, daga 1985 zuwa 1989, yara kusan 11,600 a makarantu 79, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu aji mai yara 13 zuwa 17, wasu 22 zuwa 25. Ƙuri'ar nan ita ce sirrin, don in ba ita ba za a ce ai dama yaran masu hali ne ke ƙananan azuzuwa. Yaran ƙaramin aji sun fi cin jarrabawa, musamman baƙaƙen fata da 'ya'yan talakawa, Alan Krueger ya sake lissafin a 1999 ya tabbatar, daga baya Raj Chetty da abokansa suka bi yaran har girmansu suka ga sun fi shiga jami'a. To shikenan sai a rage aji ko'ina ko? Jihar Kalifoniya ta yi hakan a 1996, ta ce aji kar ya wuce yara 20 a ƙananan azuzuwa, tana kashe sama da dala biliyan ɗaya a shekara, sai ga shi ana buƙatar dubban sabbin malamai dare ɗaya, aka kwaso waɗanda ba su da ƙwarewa ba su da cikakkiyar takardar koyarwa, kuma makarantun 'ya'yan talakawa su suka fi samun irin waɗannan, ribar ta ragu a daidai inda aka fi buƙatarta. A Isra'ila Joshua Angrist da Victor Lavy sun yi amfani da dokar da ta ce aji ba ya wuce 40, a 1999 suka ga tasiri, da suka koma da sabbin bayanai masu yawa a 2019 ba su ga komai ba. A yammacin Kenya an rage aji daga kusan 82 zuwa 44, yaran da suka zauna hannun malaman gwamnati makinsu bai wani motsa ba, waɗanda aka ba malaman kwantiragi ne suka ƙaru. Duk wannan tarihin Toolkit ya dunƙule shi ya ce wata 2. Ba ƙarya ya yi ba, kuma in ka shiga cikin shafin dabarar ya faɗa maka cewa sai an rage sosai har malami ya iya canza yanda yake koyarwa sannan ake ganin riba, wanda shi ne gaskiyar magana. Amma wanda ya tsaya a fuskar farko ba zai taɓa sanin cewa a cikin "wata 2" ɗin nan akwai Tennessee akwai Kalifoniya ba, kuma darasin da ke tsakaninsu, wato ina za ka samo malaman, ya fi lambar muhimmanci nesa ba kusa ba.

Inda Toolkit ya fi ƙarfi a ganina shi ne wajen hana mutum zubar da kuɗi. Maimaita aji misali, a ce yaro bai ci ba ya sake shekara. Sun ba shi ragin wata 3, wato baya yake mayar da yaro, ga shi da fam biyar don kuɗin shekara guda cur ake sake kashewa, kuma yaran da aka sa maimaitawa sun fi barin makaranta gaba ɗaya. Yunifom, ba hujjar cewa shi kaɗai yana ƙara maki. Zancen nan na cewa kowane yaro da salon koyonsa, wannan na gani ne wannan na ji ne a koyar da kowa ta nasa salon, wanda ake ta sayar wa malamai a bita, shi ma ba hujja. Jawaban ɗaga buri su kaɗai, haka. Wallahi ko don wannan ɓangaren kaɗai shafin ya cancanci a buɗe shi, domin duk mai tallan sabon tsari da ya shigo ofishin hedimasta da ƙasida mai sheƙi, yanzu akwai inda za a duba a ce masa malam ina hujjarka.

Labarin mataimakan malamai ma ya nuna yanda abin ke aiki in an yi amfani da shi daidai. Wani babban bincike da Peter Blatchford ya jagoranta a Ingila ya gano yaran da suka fi samun taimakon mataimakin malami su ne suka fi ƙarancin ci gaba, ko bayan an cire bambancin da ke tsakanin yaran tun farko. Dalili? Ana tura yaron da ya fi rauni wajen wanda ya fi ƙarancin horo, shi kuma ainihin malamin ya koma kan sauran. Sigogin farko na Toolkit sun ba mataimakan lamba ƙasa sosai, hankalin mutane ya tashi don ana tsoron a sallami ma'aikata. EEF ba ta tsaya nan ba, ta fitar da jagora a 2015 kan yanda za a yi amfani da su, kuma gwaje-gwajenta suka nuna in aka horar da mataimaki ya ɗauki ƙaramin rukuni da tsararren darasi na ɗan gajeren lokaci, yara na ƙaruwa. A sigar 2021 irin wannan aikin wata 4 aka ba shi. Mutanen nan dai su ne, albashin nan dai shi ne, yanda aka sa su aiki ne ya canza.

To yanzu ga inda nake da magana babba, watannin nan.

Ba a auna wata a binciken ilimi. Abinda ake aunawa shi ne bambancin maki tsakanin yaran da aka yi wa abu da waɗanda ba a yi wa ba, sai a raba shi da yanda makin yaran ya bazu tsakaninsu, a samu lamba kaman 0.1 ko 0.4, ita ake kira girman tasiri. Su EEF sai suka ɗauka cewa karatun shekara guda ya kai kusan 1.0, daga nan suka yanka shi wata-wata, 0.2 ya zama kusan wata 3, 0.4 wata 5, haka dai. Na gane dalilinsu, hedimasta ba zai gane 0.4 ba amma ya san wata 5. Sai dai yaro ba ya ƙaruwa daidai wa daida kowace shekara. Howard Bloom da abokan aikinsa sun lissafa a 2008 da jarrabawoyin Amurka, a karatu yaro ɗan shekara biyar zuwa shida yana ƙaruwa da kusan 1.5 a shekara, amma a ƙarshen sakandare abin ya sauko ƙasa da 0.1. Kun ga kenan tasirin 0.2 a ajin farko bai kai wata biyu ba, a ƙarshen sakandare kuwa ya fi shekara biyu, alhali a shafin duk wata 3 za a rubuta. Masu bincike na cibiyar RAND ta Amurka, Matthew Baird da John Pane, sun gwada hanyoyin fassara sakamako a 2019, mayar da shi watanni ko shekarun karatu shi ya zo na ƙarshe, suka ce a guje masa. Ni dai na yarda da su. Kuma abinda ya fi damuna shi ne yanda na ga mutane na tara watannin, a ce za mu yi wannan mu samu 6 mu ƙara wancan mu samu 5 shikenan wata 11 a shekara ɗaya. Ba haka abin yake ba sam, EEF ma ba ta ce haka ba, amma lamba in ta zo da sunan wata ita ke jan mutum ya tara.

Sannan kowace lambar matsakaici ce ta bincike masu yawa da ba iri ɗaya ba. Wani binciken yara 30 ne na sati shida, mai binciken da kansa ya koyar kuma shi ya rubuta jarrabawar daidai da abinda ya koyar. Wani kuma makarantu 100 ne na shekara biyu da jarrabawar ƙasa. Na farkon kusan kullum zai fito da babbar lamba, ba don dabarar ta fi ba, don ma'aunin ya fi kusa da abinda aka koyar ne. To dabarun da ke da sauƙin gwadawa a ƙaramin rukuni cikin ɗan lokaci, irin gyaran da malami ke wa yaro kan aikinsa, su ne za su hau saman jeri, waɗanda kuma sai an yi su a makaranta gaba ɗaya irin girman aji ko tsawon ranar karatu su zauna ƙasa. Adrian Simpson, wanda shi ma a Durham ɗin yake a lokacin, ya rubuta wannan sukar tun 2017, kuma har yau ban canza ra'ayi ba cewa yana da gaskiya. Jerin yana kama da teburin gasar ƙwallo, na ɗaya na biyu na uku, amma ƙungiyoyin ba a fili ɗaya suka buga ba, ba kuma da alƙali ɗaya ba.

Gyaran aikin yaro ɗin nan ma misali ne mai kyau. Da wata 8 ne, a 2021 ya sauko wata 6, har yanzu yana sama, fam ɗaya. Mai karatu da sauri zai ce to a ƙara yawan makin littafi da jan biro, malamai su kwana suna rubuce-rubuce a gefen takarda. Amma wani babban nazari na Kluger da DeNisi a 1996 ya nuna sama da kashi ɗaya cikin uku na irin wannan gyaran rage ƙoƙarin mutum ya yi. In ka ce wa yaro kai mai ƙwaƙwalwa ne ko kai daƙiƙi ne, ba abinda ya koya. In ka nuna masa layin da ya kuskure da abinda zai yi a gaba, kuma ka ba shi lokaci a aji ya gyara, a nan ribar take. Kuma fam ɗayan nan na kuɗin da ke fita daga asusu ne, bai ƙirga lokacin malami da gajiyarsa yanda ya kamata ba, shi kuwa lokacin malami shi ne abu mafi tsada a makaranta. Aikin gida ma an ba shi wata 5 amma ku dubi kwaɗonsa, ɗaya ne tak, kuma a firamare ribar ta fi ƙanƙanta. Don Allah a riƙa duba kwaɗon kafin watan.

Ga wani abu da ya kamata kowa ya sani kafin ya sa rai da yawa. Hugues Lortie-Forgues da Matthew Inglis sun duba manyan gwaje-gwajen ƙuri'a guda 141 da ita EEF da takwararta ta Amurka suka biya aka yi, yara sama da miliyan ɗaya, matsakaicin tasirin 0.06 ne, wajen wata ɗaya kenan a ma'aunin Toolkit, kuma kashi 40 cikin ɗari ba su iya cewa abin ya yi aiki ko bai yi ba. Matthew Kraft a 2020 ya tattara gwaje-gwaje 747 ya ga na tsakiya 0.1 ne, ya ce a harkar makaranta duk abinda ya wuce 0.2 babba ne. To in fuskar farko tana nuna maka wata 6 wata 7, wato 0.5 zuwa sama, ka san cewa in aka kai dabarar makarantu na gaske da malamai na gaske masu gajiya da ajin da ba ya shiru, abinda za ka samu ƙasa yake da haka sosai. Wannan ba dalilin karaya ba ne. Ƙarin 0.1 ga yara miliyan da kuɗi kaɗan babban alheri ne. Amma wanda aka yi wa alƙawarin wata 7 ya ga wata 1, shi ne zai jefar da tsari mai kyau ya ce bincike ƙarya ne.

A nan dole in yaba musu kuma, yabo na gaske. EEF tana wallafa sakamakon duk gwajin da ta biya, ya yi daɗi ko bai yi ba, kuma wanda ya ƙirƙiro tsarin ba shi ke auna shi ba, wata tawaga daban ake ba. Sun gwada koyar da wasan dara na Turawa a firamare don a ga ko zai ƙara lissafi, a 2016 suka fito suka ce bai ƙara ba. Tsarin koyar da yara falsafa ya nuna wata 2 a gwajin farko na 2015, aka yi ta murna a jaridu, da aka sake shi da makarantu masu yawa a 2021 ribar ba ta fito ba, suka wallafa. Shirin Nuffield na inganta harshen yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar kuwa ya riƙe ƙarfinsa a gwajin makarantu 193, wata 3, shi ya sa gwamnati ta baza shi bayan korona. Ƙungiyoyi nawa ne za su kashe kuɗinsu su fito su ce abinda muka sa rai a kai bai yi ba? Ni shawarata ma, ɓangaren rahotannin gwajin nan ya fi fuskar farkon daraja, a can za ka ga tsari takamaimai, da yara nawa, da nawa aka kashe, da abinda ya hana shi tafiya a wasu makarantun.

Sai babbar iyaka ta gaba: yawancin binciken da ke ciki daga Amurka da Birtaniya da ire-irensu ya fito. Ga wanda ke aiki a ƙasar da aji ke da yara 80 kuma rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta littafin aji biyu, wasu lambobin za su iya ɓatar da shi. Raba yara bisa ƙoƙarinsu misali, Toolkit ya ba shi sifili, kuma ya yi gargaɗin cewa masu rauni ke cutuwa. Amma Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer sun gwada shi a makarantu 121 a Kenya, kowa ya ƙaru har da na ƙasa, don malami ya samu damar sauko da darasin daidai inda yaran suke. Ƙungiyar Pratham a Indiya a kan wannan tunanin ta gina aikinta, tun gwajin Vadodara da Mumbai inda matasan mata daga cikin unguwa suka riƙa ɗaukar yaran da aka bari a baya awa biyu a rana, girman tasirin ya kai 0.14 a shekarar farko, 0.28 a ta biyu, da kuɗi ƙalilan. Biyan malami lada bisa sakamako, Toolkit ya ce wata 1, kuma a New York Roland Fryer bai ga komai ba, amma a Andhra Pradesh Karthik Muralidharan da Venkatesh Sundararaman sun ga 0.27 a lissafi da 0.17 a harshe bayan shekara biyu. A Indunisiya an ninka albashin malamai ba tare da sharaɗi ba, malamai sun ji daɗi sun rage neman aiki na biyu, makin yara bai motsa ba. A Peru an raba wa yara laftof a ɗaruruwan makarantu, lissafi da karatu ba su ƙaru ba, a Delhi kuwa manhajar Mindspark mai bin matakin kowane yaro ta ƙara 0.37 a lissafi cikin wata huɗu da rabi. A Kenya an raba littattafan karatu, yaran da dama suna sama su kaɗai suka amfana don sauran ba sa iya karanta Turancin ciki. Duk waɗannan abu ɗaya suke nunawa, abinda ke aiki ya dogara da abinda ya toshe a wurin. EEF ta san da haka, shi ya sa ta haɗa kai da cibiyar binciken ilimi ta SUMMA a Latin Amurka, da gidauniyar Sarauniya Rania a Jodan don sigar Larabci, da ƙungiyar eBASE a Kamaru. Duk da haka ga mai aiki a ƙasa mai ƙaramin ƙarfi zan ce ya haɗa da shafin J-PAL, cibiyar gwaje-gwajen ƙuri'a kan yaƙi da talauci, da rahoton GEEAP, kwamitin masanan duniya mai tantance hujjar ilimi, na 2020 da 2023, wanda Bankin Duniya na cikin masu ɗaukar nauyinsa, a can tsararren darasi ga malamai da koyarwa daidai matakin yaro da sanar da iyaye ribar karatu su ne a sahun gaba.

Akwai kuma tambayoyin da shafin bai ma taɓa ba, kuma su ne suka fi cin ran masana tattalin arziki. Shin ƙarin kuɗi gaba ɗaya yana canza rayuwar yaro? Eric Hanushek ya daɗe yana cewa ba a ganin alaƙa mai ƙarfi tsakanin kuɗi da maki, sai Kirabo Jackson da Rucker Johnson da Claudia Persico suka bi yaran da kotuna suka sa aka ƙara wa makarantunsu kuɗi a Amurka, a 2016 suka nuna ƙarin kashi 10 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan yaro tsawon shekara 12 ya kawo ƙarin kusan kashi 7 a albashinsu bayan sun girma, 'ya'yan talakawa sun fi amfana. Ina ake samo malami nagari, ya ake riƙe shi? Chetty da John Friedman da Jonah Rockoff sun lissafa cewa in aka musanya malamin da ke cikin kashi 5 na ƙasa da matsakaici, abinda yaran ajin za su samu a rayuwarsu zai ƙaru da kusan dala 250,000. Ba za ka ga waɗannan a jerin ba, don Toolkit an yi shi ne don hedimasta mai kuɗi a hannu, ba don minista ba. Kuma maki kawai yake aunawa, a kusa. A STAR ɗin nan ribar aji mai kyau ta dusashe a jarrabawa bayan 'yan shekaru sannan ta sake ɓullowa a albashi, kuma Jackson ya nuna a 2018 cewa malamin da ke gyara zuwan yaro makaranta da halayyarsa ya fi tasiri kan kammala sakandare fiye da wanda ke ɗaga maki kawai. Wasanni da zane da waƙa in aka auna su da makin lissafi dole su fito ƙasa, ba don shi ake yin su ba tun farko.

To wa zan ce ya yi amfani da shi? Hedimasta, mai horar da malamai, ɗalibin ilimi ko tattalin arziki mai neman inda zai fara, ɗan jarida mai son tantance alƙawarin ɗan siyasa, har iyaye masu jin Turanci, don Turancin ciki mai sauƙi ne ba na mujallar jami'a ba. Ku fara da gano matsalar makarantarku tukuna, karatu ne ko fashin makaranta ne ko tarbiyyar aji, sannan ku buɗe dabarun da suka shafe ta, ku wuce fuskar farko ku shiga ciki ku karanta inda suka raba firamare da sakandare da inda suka yi bayanin abinda ke sa ta lalace. Lambobin da na kawo na sigar 2021 ne, suna sabunta su in sabon bincike ya shigo, don haka ku duba na ranar da kuka buɗe. In da za su ji tawa, da sun sa tazarar sakamako a gefen kowace lamba, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma, sun kuma ware abinda manyan gwaje-gwajen ƙuri'a suka nuna daga na ƙananan bincike tun a fuskar farko, don a nan ne yawancin mutane ke tsayawa su ɗauki hoto su kai taron malamai.